Daga Tarin Wuri Zuwa Gidan Goma: Yadda Muka Koyi Gane Lambar Da Ta Fi Yawa

 Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, amma babu sarki a cikinta, babu yaƙi. Tarihin ƙirga ne, da yadda aka yi har yaron Bahaushe ya zo yana zama gaban allo ana tambayarsa wace lamba ce ta fi wata.

A rubuta 19 da 21 a allo, a tambayi 'yan aji biyu na firamare wacce ta fi yawa. Duk malamin da ya daɗe a ƙananan azuzuwa, a Maska ne ko Funtuwa ko Malumfashi, ya san cewa hannuwa da dama za su nuna 19. Hujjar yaran ba ta banza ba ce: sun ga tara, tara kuwa babba ce, ɗaya ɓangaren kuma daga biyu sai ɗaya. To amma a rufe allon, a ce da yaron, “Da ashirin ba ɗaya, da ashirin da ɗaya, wanne kake so a ba ka?” Ko numfashi ba zai ja ba zai amsa daidai. Ke nan ba kan yaron ne ya toshe ba. Tsakanin abin da baki ke faɗa da abin da alli ke rubutawa akwai rata, kuma ratar nan ba jiya ta samu ba.

Mu fara da wuri. Kalmar “kuɗi” da muke faɗa kullum asalinta jam'in “wuri” ce, wato ɗan kwanson nan fari da ake kawowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Maska tsohon gari ne na Katsinar Laka, ƙasar auduga da baba, wanda ya yi suna da saƙa da rini, kuma wanda ya karanta littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na 1981 kan tarihin Katsina zai ga matsayin da garuruwan kudancin nan suke da shi a arzikin masarautar. Masaƙi ya sayar da ƙyalle, marini ya karɓi ladan rini, fatake sun yi sari, duk da wuri ake biya. Wuri kuwa a ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a wasu garuruwan bakin teku. A warwatse yake, sai an ƙirga.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ga yadda ake wannan aiki a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu, a watan Janairun 1851, kafin ya ƙaraso Katsina da Kano. Ya tarar ana ƙirga wuri wajen 500,000, ya kuma rubuta yadda ake yi. Mai ƙirga yana jan wuri biyar-biyar da yatsu. Biyar sau huɗu, hauya ke nan, wato 20. Hauya goma a yi tari guda na 200. Irin wannan tari biyar a haɗe su, dubu ta cika. Dubu ashirin kuma a zuba a jakar kaba a ɗinke, ita ce Hausawa ke kira keso. A Kano a lokacin, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya, ku lissafa da kanku ku ga ƙirgar da ke gaban wanda zai sayi doki.

Abin da nake so mu lura da shi a nan shi ne yadda mutum biyu za su gane wanda ya fi kuɗi idan kowa ya baje nasa a tabarma. Ba wanda zai fara da 'yan tsirarun da suka rage a gefe. Keso ake fara dubawa. Mai keso uku ya fi mai keso biyu, ko da kuwa mai biyun ya cika gabansa da ƙananan tari. In keso ya zo daidai, sai a koma tarin dubu, in nan ma an yi kunnen doki a gangaro tarin ɗari biyu, har a zo kan ɗaiɗaiku. Wannan ita ce ƙa'idar da malamin firamare ke fama da ita yau idan ya ce a fara duba gidan ɗari, sannan gidan goma, sannan gidan ɗaya. Kakanninmu sun san ta sarai, da hannu suka san ta. Manomi ma haka: idan ya zo fitar da zakkar hatsi yakan jera dammuna goma-goma ya ware ɗaya, ba ya buƙatar takarda.

Abu biyu ne babu a tabarmar mai ƙirga wuri. Na farko, ba ruwan tari da inda aka ajiye shi. Ka sa keso a dama ko a hagu, keso ne, girmansa ke faɗin ƙimarsa. Na biyu, idan babu tarin dubu, to babu shi ke nan, ba a buƙatar wata alama da za ta tsaya ta ce “nan ba kowa.” Gurbi da sifiri, su ne baƙin, kuma har gobe su ne ke kayar da yara.

Harshen kansa ya ajiye mana shaidar wancan zamani. Kafin kalmomin Larabci su zauna, Bahaushe cewa yake gomiya biyu, gomiya uku, har gomiya tara, ko ya ƙirga da hauya. Wuri ɗari zangu ne. Dubbai kuwa da zambar ake faɗinsu, zambar goma, zambar ɗari. Daga baya malanta da fatauci suka shigo da ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin, casa'in, har da metan (200) da arbaminya (400) da hamsaminya (500), waɗanda yanzu sai a bakin tsofaffi. A ganina an yi riba a nan, an kuma yi hasara. Kalmomin Larabcin sun fi gajarta a bakin ɗan kasuwa. Amma “gomiya uku da huɗu” tana faɗa wa yaro komai: goma sau uku, ga huɗu a kai, daidai da 3 da 4 ɗin da zai gani a allo. “Talatin” kuwa ba ta gaya wa ɗan shekara shida cewa akwai goma a cikinta, sai an faɗa masa. Wani abin sha'awa shi ne mun ari kalmomin amma ba mu ari jerin ba. Balarabe yakan fara da ƙaramar, ya ce ɗaya da ashirin. Mu muka tsaya kan namu, babba a gaba: ashirin da ɗaya. Wannan ya yi mana rana daga baya.

A zauren malamai kuma akwai wani lissafin daban. Rabon gado da nisabin zakka ba sa yiwuwa sai da hisabi, kuma daga wannan kalma ta Larabci “lissafi” ma ta fito. Malamai suna da hanyar rubuta adadi da haruffa, kowane harafi da ƙimarsa: alif 1, ba 2, jim 3, har ya 10, kaf 20, ƙaf 100, ra 200. A jerin Magariba, wanda shi ne ya zo mana, shin ita ce 1,000. Da wannan ake yin ramzi, wato ɓoye shekarar da aka gama waƙa ko littafi a cikin kalma guda a ƙarshensa, abin da duk mai nazarin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 ya saba gani. A ɗauki 1218, shekarar Hijira da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, wadda ta zo daidai da 1804. Shin, ra, ya da ha mai ƙimar takwas, an gama. Yanzu a juya haruffan nan yadda aka ga dama, a kai shin ƙarshe, a kawo ha farko, jimlar ba za ta motsa daga 1218 ba. Shi ya sa mawaƙi ke iya jujjuya su har su ba shi kalma mai daɗin faɗa. A gwada haka da 1218 ta boko a gani: 8121 za ta koma. Ramzi ɗan uwan tarin wuri ne, kowane harafi da nauyinsa yake yawo.

Lambobin da gurbi ke ba su ƙima daga Indiya suka taso. Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifiri a 628. Wajen 825, Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya yi littafi a Bagadaza kan lissafin Indiyawa, daga nan tsarin ya bazu a ƙasashen Musulmi har Magariba da Andalus. Wani ɗan Italiya, Leonardo na Pisa da aka fi sani da Fibonacci, ya koye shi a Bijaya, cikin Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke aikin fatake, ya fitar da littafinsa a 1202. Siffar 1, 2, 3 da muke kira ta boko daga rubutun Magariba ta samo asali. Kun ga ikon Allah: abin da ke can ƙetaren Sahara, inda ayarin Katsina ke zuwa da dawowa, sai da ya zagaya ta Turai, ya hau jirgin ruwa, sannan ya iso ajin yaran talakawa ta hannun Ingilishi.

Ba wai malamanmu ba su san tsarin ba ne. Sun san shi, kuma akwai wanda ya yi zurfi a ciki har duniya ta san da shi. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wato Bakatsine, ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi da Larabci wajen 1732 kan yadda ake gina hatimi, irin murabba'in nan da ake jera lambobi a gidajensa ta yadda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, daga 1 zuwa 9, kowane layi 15. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Masu tarihin lissafi a ƙasashen waje suna ambatonsa, mu kuwa da wuya ka ji sunansa a ajin lissafi a jihar da ta haife shi. Sai dai a faɗi gaskiya, wannan ilimi na manyan ɗalibai ne. Yaro a makarantar allo karatu da rubutu yake koyo, ƙirga kuwa a gida da kasuwa da dandali ake tsintarta.

Zuwan Turawa ya sauya kuɗin kafin ya sauya makaranta. A 1904 aka hana shigo da wuri, aka kuma matsa sai da kuɗin ƙarfe za a biya haraji. Sunayen sababbin kuɗin sun riƙe ƙamshin tsofaffin: rabin kwabo aka kira shi “ɗari,” don wuri ɗari yake ci. Ga anini mai huda, goma ke yin kwabo. Ga taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo 12, fataka sule biyu, fam sule 20. Da aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ga kuma injin gurzar auduga, sai harka ta koma Funtuwa, inda Sarkin Maska ma yake zaune. A filin awon auduga ne manomin yankin nan ya fara haɗuwa da lamba a rubuce ido da ido. Malamin sikeli ya duba, ya rubuta laba kaza, ya buga da kwabo kaza, ya miƙo 'yar takarda. Mutumin da zai iya ƙirga wuri dubu hamsin ba kuskure, yau ga shi tsaye ba ya iya bambance 105 da 150 a takardar da ke hannunsa, sai abin da aka faɗa masa. Wannan ita ce ribar farko da talaka ya hango a cikin lissafin boko, ba aikin gwamnati ba.

Makarantar Ɗan Hausa, wato Hans Vischer, ta buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920 don horar da malamai. A elementare ta wancan zamani da Hausa ake koyar da lissafi. Amma ku dubi wahalar da ɗalibin ke ciki. A lissafin lamba zalla, goma ke cika gida a haura na gaba. A lissafin kuɗi kuwa gida uku ne, kowanne da dokarsa: kwabo sai ya kai 12 ya zama sule, sule sai ya kai 20 ya zama fam. A awo kuma laba 112 ke yin babban ma'auni ɗaya. Duk da haka ina ganin lissafin fam da sule ya yi wa yaran wancan lokaci wani amfani a ɓoye. Wanda aka tambaya tsakanin fam 1 da sule 2, da kuma sule 19 da kwabo 11, dole ya koyi cewa ba girman lambar da ido ya fara gani ake bi ba, gidan da take zaune ake tambaya. Kuma gidajen suna da suna, suna da ƙarfen da za a riƙe a hannu.

Ranar 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya naira biyu, kwabo 100 naira ɗaya. Karo na farko ke nan da kuɗin aljihu da lissafin allo suka hau doka ɗaya ta goma-goma. Baki dai bai saki tsohon ba. Sule ya koma kwabo goma, “fam” ta zauna a naira biyu, “jaka” kuma, wadda asalinta jakar fam 100 ce, ta zama naira 200, kuma har yanzu akwai dattawan da da ita suke ciniki. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram nasu ya fi namu: da dala suke ƙirga, dala ɗaya tamma biyar, don haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa, a baki dala ashirin ne. Yaron can kullum cikin raba lamba gida biyar yake tsakanin aji da kasuwa.

Bayan shekara uku, a Satumbar 1976, gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi tsammani, aka yi ta horar da malamai cikin gaggawa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da shekarun farko da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. A takarda ke nan. A aji kuwa, abin da da yawanmu muka tarar shi ne rera ƙirga da Turanci daga ɗaya zuwa ɗari, da murya ɗaya, kamar waƙa. Yaro zai kai ɗari ba tuntuɓe, amma a nuna masa 47 da 74 ya tsaya yana kallon malam. Ya haddace jerin, ba a taɓa ba shi tarin ya riƙe ba.

Akwai kuma wani tarko da ke cikin Hausar kanta, wanda ban cika jin ana maganarsa ba. A gomomi muna tafiya daidai da rubutu, babba a gaba. Amma daga ɗari abin ya juya: muna cewa “ɗari uku,” sunan gidan a gaba, adadinsa a baya, alhali a rubuce 3 ce ke fara zuwa. Shi ya sa yaron da aka yi wa shifta da “ɗari uku” zai iya rubuta 1003, wato ɗari ga ta, uku ga ta. “Ɗari biyu da biyar” kuma ta fito 2005. A kunne, bambancin “dubu biyar” da “dubu da biyar” 'yar “da” ce kawai, a takarda kuwa 5,000 ne da 1,005. Yaron da ya yi irin wannan kuskure abin da ya ji ya rubuta, kuma malamin da ya gane haka ya san inda zai kama. Malaman da suka iya aikin ba sa farawa da alli. Tsinken tsintsiya ko sillen kara suke sa yara su ɗaure goma-goma, ɗauri goma kuma a haɗa su dami guda, a ja layi uku a ƙasa, a ce ga gidan dami, ga gidan ɗauri, ga gidan 'yan warwatse. Idan gidan tsakiya ya zama wayam, a nan ake kawo sifiri, a ce shi ne mai gadin gidan da ba kowa, in ya tashi na hagu zai gangaro ya zauna inda ba nasa ba. Wannan tabarmar mai ƙirga wuri ce aka dawo da ita, aka ƙara mata layi.

Alamomin nan biyu masu kama da buɗaɗɗen baki, na “ya fi” da “bai kai ba,” a littafin wani Baingile, Thomas Harriot, suka fara bayyana a 1631, kuma su ne ya kamata su zo a ƙarshe. Hausa ta riga ta tanadi kalmomin: wannan ya fi wancan, wancan bai kai wannan ba, sun yi daidai. Yarinyar da ke tallar gyaɗa tana faɗinsu sau hamsin a wuni, tana ba da canjin ɗari biyar ba ta ɓata ko naira ba.

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Na farko, masu rubuta labarin da ya shafi zamanin da. Na sha karanta labarin da aka ce a zamanin Sarkin Katsina Dikko ya faru, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, amma a ciki ana biyan sadaki da naira. Wanda ya sa attajirinsa ya ce “keso goma” ko “zambar metan,” ko ya sa tsohuwa ta kwance bakin zane ta fiddo taro da anini, ya gina zamanin ba tare da ya yi dogon bayani ba. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa a Giwa, nan maƙwabtanmu, aka buga a 1954, yana da amfani ga mai neman yadda ake maganar wuri a harkar aure da fansa.

Na biyu, littattafan yara. Wajen 2015 an yi wani shiri mai suna RANA a makarantun Katsina da Zamfara, wanda a cikin kayansa har da gajerun labaran Hausa da ake karanta wa yara don koyar da lissafi. Irin waɗannan labarai wani ne ya zauna ya rubuta su. A kasuwar littafi kuwa, a je Funtuwa a nemi littafin labari na Hausa da zai sa ɗan shekara bakwai ya gane dalilin da 21 ta fi 19, a ga ko za a samu. Mu da muke cika shafuka da labaran soyayya, ba na ce mu daina ba, amma shafi goma sha biyu kan Gizo da ya zaɓi kwando mai ɗauri ɗaya da tsinke tara ya bar wa Ƙoƙi mai ɗauri biyu da tsinke ɗaya, ba zai gagare mu ba.

Na uku ƙarami ne amma kullum muna cin karo da shi. Idan ka rubuta “dubu ashirin da biyar” a labari ko rahoto, 25,000 kake nufi ko 20,005? A baki, mutane kan warware da cewa “dubu ashirin da guda biyar” in ƙaramar ake nufi, ɗan kasuwar hatsi a Dandume kuwa cewa zai yi “ashirin da biyar” kawai, kowa ya san dubbai yake nufi. A rubuce babu mai tambayarka ka sake faɗa, don haka a rahoto a sa alƙaluma, a zancen taurarin labari kuma a bar “guda” ta yi aikinta.

Wanda ke da kaka ko kakan da ya riski zamanin anini, ya tambaye shi yadda ake ƙirga a garinsu, da sunayen da suke kiran tari da su, ya kawo mana nan mu haɗa. Na fi son jin na ƙauyukan Maska da Bakori da Ɗanja, musamman daga bakin tsofaffin masaƙa da marina.